Ƙotar da Aka Sassaƙa wa Hannun Dama

Ni bahago ne. Yanzu nake iya faɗa kai tsaye, amma na shekara talatin da wani abu ina ɓoye hannuna na hagu kamar wanda ya sato shi. Yayana ne ya koya mini ɓoyon. Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, shi ya riƙe ni, kuma a wajensa hagu ba ta da aiki sai tsarki. In na miƙa ta cikin kwano, ludayi ne zai sauka a kan yatsuna. Ya taɓa ɗaure mini ita ta baya da igiyar akuya wuni guda, na ci tuwo da dama ina kuka, miya na gangarowa har gwiwar hannuna. Wata rana ya maka mini muciya sai da farcena ya fita. Na koyi ci da rubutu da dama, ba don ina so ba. Amma duk abin da ke bukatar ƙarfi ko sauri, hagu ce ke riga ni tashi.

Shekarun da soja suka koma bariki aka ƙara albashi, ina aiki a wata ma'aikata, ina zaune a Lugbe. Gidaje na ta tsirowa a bakin hanyar filin jirgi, kowa ya sayi wayar hannu yana ihu a cikinta, ni ma kaina ya ɗan kumbura. Mu takwas ne maƙwabta da ke yin watanda duk jajiberin ƙaramar Sallah, mu haɗu mu sayi sa guda, a yanka a raba. Kowace shekara mahauci zai zo da wata dakusasshiyar adda ya dagargaza ƙashi, ka kai nama gida ana tsintar ɓarɓashi a miya. Abin ya ishe ni. Na ce sai na sa an ƙera mini tawa ta saran ƙashi, wadda za a gani a tambayi mai ita.

Wani direban ofishinmu ya kwatanta mini maƙeri a Ushafa, dattijon Gbagyi da ke noma da damina, ya yi ƙira da rani. Na kai masa ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, ya buga mini ruwan adda mai faɗi da nauyi. Saura ƙota. Ranar da zan koma zaɓen ƙota ta zo daidai da zuwan Yaya, wanda ya taho ganin likitan ido, ya ce zai ƙarasa azumi a wurina. Ya shiga mota ya zauna gaba, ban isa in ce masa ya jira ni a gida ba.

Dattijon ya shimfiɗa buhu, ya jera mana kaya: ƙahon sa, guntun marke, guntun ƙirya, da wata robar taya da ya yanko. Idona ya tafi kan ƙahon, don shi ne mai ƙyalli.

"Oga, bar wannan," in ji shi. "Shi na ado ne. Jini ya taɓa shi, kitse ya taɓa shi, ya zama sabulu a hannunka."

Ya ɗaga robar, ya ce ita mahauta ke so, kowa ya riƙe ta zauna. Na yatsine fuska. Ni da taye a wuya in riƙe adda mai ƙotar taya? Marke kuma ya ce ba shi da nauyin da zai tare wannan ƙarfe. Muka tsaya a kan ƙirya, baƙa, mai tauri, wadda gara ba ta ci.

Sai ya ƙwala wa matarsa kira. Maginiyar tukwane ce, ta taso daga bakin aikinta da curin yumɓu a hannu. Ashe haka yake aikinsa: mai adda ya damƙi yumɓu, shi kuma ya bi sawun yatsun ya sassaƙa itacen daidai da hannun.

"Matse shi," ya ce, "kamar kana fushi da shi."

Ban yi tunani ba, hagu ta miƙa kanta. Yaya ya yi gyaran murya. Ko kallona bai yi ba, gyaran murya kawai. Ni da gemu, da 'ya'ya uku, da mota a waje, sai na ji yatsuna sun tuna ludayi. Na janye, na miƙa dama, na matse.

Dattijon ya juya yumɓun, ya kalle ni. "Oga, wane hannu ne yake sara?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Baba?" Yaya ya amsa. "Dama mana."

"Ba kai na tambaya ba, Alhaji."

Na ce, "Dama."

"To. In na sassaƙa shi ke nan fa. Ɗayan hannu ba zai zauna ba."

Bayan kwana biyar na karɓo ta. Ta yi kyau, ba ƙarya: gurbin yatsu huɗu, kwarmin babban yatsa a gefe, ƙusa uku na tagulla. A dama ta zauna daram. Da na rufe ƙofa na gwada da hagu, tudun itacen ya tokare mini tafi, bakin addar ya karkata waje. Na gani da idona. Ushafa ba nisa gare ta ba, amma kunya da kasala suka hana ni komawa.

Ranar jajiberi da hantsi muka taru a wani fili tsakanin katangu biyu na bulo. Jan sa ne mai dogayen ƙaho, tun da aka sauke shi yake huci. Wani daga cikinmu ya sayo sabuwar igiyar leda mai santsi, da ita aka ɗaure ƙafafun aka kayar da shi. Yaya, da yake shi ne babba, ya duƙa ya kama ƙaho don a daidaita kan zuwa alƙibla. Ni ina tsaye da addata a hannun dama, ina jiran a fara sara a yaba.

Mahauci ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Bai kai rabi ba igiyar baya ta zame. San ya yi wani irin gurnani ta cikin yankan, ya shure mutum biyu, ya miƙe tsaye da maƙogwaro a buɗe. Jini na tsartuwa har saman katanga. Ma'aikatan gwamnati masu azumi suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya haye tulin yashi yana salati. Yaya ne kawai bai samu hanya ba. San ya kwashe shi ya haɗa da bango, ƙaho ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, goshinsa a kan cikin Yaya yana dannawa. Na ji ƙarar haƙarƙari. Yaya ya ɗora hannun dama a kan ƙahon yana turewa, bakinsa a buɗe, murya ba ta fita.

Na ruga na kai sara a ƙeyar san da dama. Sara ne na malamin ofis, ko fata bai ratsa ba. Kafin in sani addar ta koma hagu. Na ɗaga ta da duk ƙarfin da Allah ya ba ni na sauke. A tsakiyar saran na ji ƙotar ta murɗe a tafina. Bakin ya kauce, ya goga ƙaho, ya sauka a wuyan hannun Yaya na dama.

Har yau ina jin wannan sautin. Yaya bai yi ihu ba, kallona kawai ya yi. Mahaucin ne ya zagaya da tasa tsohuwar addar mai ɗaurin roba, wadda nake rainawa, ya datse jijiyar ƙafar baya da sara ɗaya. San ya zube, ya ƙarasa yanka shi. Na yage rigata na ɗaure hannun, na ciccibi Yaya zuwa mota, jininsa da jinin san sun haɗu a jikina. Muna wucewa na ji maƙwabtana sun sauko daga kan yashi suna gardama ko naman ya halatta. Da addar na hannuna a lokacin, ban san abin da zan aikata ba.

A asibiti aka ɗinke abin da zai ɗinku. Haƙarƙari biyu sun karye, sun warke. Hannun bai cire ba, amma yatsu uku sun daina lanƙwasa har abada. Yaya bai taɓa cewa laifina ne ba, kuma wannan shirun ya fi muciya zafi. Wata biyu ya yi a gidana. Sai an rufe masa ƙofa yake cin abinci. Rannan na shiga ban yi sallama ba, na tarar da shi yana kokawa da tuwo da hagu, miya na gangarowa har gwiwar hannunsa. Na ja ƙofa na fita. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma na kasa raba su.

Ana gobe zai koma gida ya ce in ɗauko addar. Na zaro ta daga ƙarƙashin gado inda na jefa ta, na ɗauka rijiya zai ce a wurga ta. Ya ce in tayar da mota, Ushafa za mu.

Dattijon ya kalli hannun Yaya, ya kalli addar. Ya sa kurfi, wani ƙarfe mai tsini, ya fitar da ƙusoshin, ya jefa ƙotar cikin wutar maƙera, ya kira matarsa. Da ta kawo yumɓun, Yaya ne ya karɓa. Ya lallaɓa shi da hagunsa wadda ba ta iya kome ba tukuna, ya kamo tawa hagun ya ɗora mini.

"Matse," ya ce.

Na matse har yumɓun ya fito ta tsakanin yatsuna, ina kuka a gaban matar mutane.