Rahamatou Mai Awon Ƙwaƙwalwa

Ƙarfe shida na safe Rahamatou ke barin unguwar Alibandeng, ta shiga taksi-bus, ƙaramar bas ta haya, zuwa labo, ɗakin binciken kimiyya inda take aiki. Kafin kowa ya iso ta ciyar da ɓeraye, ta wanke kwalabe, ta kunna na'ura. Shekara ashirin da uku ke nan.

Aikinta awo ne. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin glutamate, mai zaburar da ƙwayoyinta. Idan ya dami wurin da ke karɓarsa, sai a saki wani sinadarin, adenosine, ya lallashe su su lafa. Ita ke ɗiga na farkon a kan yankan ƙwaƙwalwar ɓera, siriri kamar ɓawon albasa, ta auna yawan na biyun.

Ta taɓa ce mini, "Malam, adenosine na cikin abin da ke tsayar da farfaɗiya. So nake in san me ya sa ta Nafi ba ta tsayawa da wuri."

Nafi ƙanwarta ce, tun tana 'yar shekara tara take faɗuwa.

Bara wuta ta ɗauke kwana huɗu, janareto ya ƙi tashi. Dokta Saliou, shugaban labon, ya ga Rahamatou tana jigilar ƙanƙara a bokiti daga unguwar Oloumi, sawu bayan sawu, don ceton abin awon da ke ajiye cikin firigo, wato firij. Bai cetu ba. Aikin shekara shida ya narke.

"Takarda bakwai muka wallafa da awonta," in ji shi, kansa a sunkuye. "Sunanta bai fito a ko ɗaya ba. Laifina ne."

Bayan wata biyu Nafi ta faɗi a banɗaki, ba ta tashi ba. Ƙarshen watan nan da muke ciki za a rufe labon.

Ke ce mai hannun da ba ya rawa, Rahamatou. Ke ce kika koma bakin na'ura ranar da aka yi sadakar bakwai. Ba ki samu amsarki ba, mu kuma ba mu da abin ba ki sai godiya. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ji ƙan Nafi.

Ku 'ya'yanmu da kuka yi boko, ku je ku koyi wannan hannu. Rahamatou ta ce duk mai so ya same ta a gida, za ta koya masa. Yau mako biyar da faɗin haka, ba wanda ya zo.