Cokalin Inna Malsun

Kamfanin waƙar da nake yi wa aikin kwalliya a birnin Seoul na Koriya ya ajiye mawaƙansa mata huɗu a gida ɗaya, ya ɗauko Inna Malsun ta riƙa yi musu girki. Ita da kanta takan ce ba ta taɓa ganin aikin banza irin nata ba, a ɗauke ki girki a gidan da aka hana mutane ci. Daga ƙauyen masunta ta fito, can wajen Mokpo, ta haura sittin, ga gajarta ga faɗa. Ni ma ban tsira ba, kullum sai ta ce ina shafa wa 'ya'yan mutane fenti kamar bango.

Cikin 'yan matan, Yunsul ce ta fi suna. Tun da wani hotonta ya bazu, mutane suka yi ta tsokaci kan cinyoyinta, yarinyar nan ta ɗauke hannu daga abinci. Kullum ta ce ta riga ta ci. Ni kuwa ina ganin gashinta yana biyo matajina, ga ta da rigar sanyi a tsakiyar zafi. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

A wurinmu, idan babba ya ɗora miki loma a cokali, ba kya mayarwa. Da wannan Inna ta kama ta. Sai ta zauna kusa da ita, ta ɓare tsokar kifi ta ɗora kan shinkafar cokalinta.

"Buɗe baki, 'yar tsako. Da waɗannan ƙafafu kamar tsinken cin abinci za ki yi rawa?"

Yunsul yarinya ce mai ladabi, sai ta karɓa ta haɗiye har da godiya. Inna ta yi ta yi mini alfahari cewa maganin da ya gagari kamfani ita ta samo shi. Ran nan da rana Inna tana shanyar kaya, ta ji famfon banɗaki yana ta zuba, ƙarƙashin ƙarar ruwan kuma Yunsul na kakarin amai. Na sami Inna zaune a ƙasa, ta ce mini ashe ladabin yarinyar ta yi amfani da shi ta ƙara mata azaba. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba.

Ba a jima ba Yunsul ta yanke jiki ta faɗi wajen gwajin rawa, aka kwantar da ita a asibiti. Kamfani ya sanar cewa gajiya ce. Likita ta gaya wa Inna cewa wannan ciwo ne na gaske, ba taurin kai ba, kuma matsi ba ya warkar da shi. Inna ta ajiye aikin. Kullum ta hau bas da ƙullin kwanonta, ta zauna bakin gadon, ta zuba miyar ganyen teku kwano biyu, ta sha nata tana ba da labarin maƙwabta, ta kwashe ɗayan yadda yake, ba tare da ta matsa mata ba.

Wata rana ina wurin, Inna tana tsakiyar zagin direban bas, Yunsul ta katse ta.

"Inna, yau gishiri ya yi yawa."

Muka duba, cokalin yana hannun Yunsul. Matar da ko ni ban isa in kushe girkinta ba ta ce, "Haka ne, 'yata, hannuna ne ya zarce." Ta fita waje ta jingina da bango tana kuka.