Ranar da Na Bi Shanu da Keken Baba

Ranar wata Laraba ce, cikin kakar shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, na saci keken babana. Rana ba ta daɗe da fitowa ba. Baba yana zaure yana wasa askarsa, Inna tana bayan ɗaki tana sheƙar gero, ni kuwa na janye keken daga gindin rumbu, na tura shi ta kafar darni inda awaki ke fita, na damƙe ƙararrawar da tafin hannu don kada ta tona mini asiri. Shekaruna goma sha ɗaya. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, don haka ta ƙarƙashin sandar keken nake zura ta, in karkace gefe guda ina tuƙi. Haka na gangara fadama, ban waiwaya ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Sanyinna, Baba kuma wanzami ne. Keken nan baƙi shi ne ƙafarsa. Da shi yake zagaya ƙauyukan bakin gulbi, zabira a rataye, yana aski da ƙaho da cire beli, wani lokaci ya kwana biyu ko uku bai dawo ba. Ni kuwa tun ina ƙarami zama ɗaya yake gagarata. In an aike ni yankan ciyawar jaki, sai a tsince ni wajen masunta. In an sa ni korar tsuntsaye a gona, sai in bar gwangwanin a rataye in bi sawun kurege. Ko a aji, idona yana kan taga. Inna takan ce, "Yaron ga, awa an zuba mai tururuwa cikin wando."

Kowace kaka, in an gama yankan dawa, akwai Fulanin da ke sauka a gonarmu, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Cikinsu akwai Buba, tsarana, wanda muke langa da harbin kurciya tare. Shi ya cika mini kai da labarin wurare: inda gulbi ke faɗi har ba ka gane mutumin da ke tsallake, da inda giginya ta fi mutanen garinmu yawa. A wannan shekarar ne kuma hedimasta ya gaya wa Baba cewa bayan hutu za a tura ni makarantar kwana. Na tambayi wanda ya taɓa zuwa, ya ce akwai shinge, akwai ƙararrawa, ba a fita sai da izini. Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi. Da safiyar Larabar nan na leƙa gona, na tarar rugar ta tashi, sai toka da turaku. Sawun shanu ya nufi wajen Kebbe. Nan take na yanke shawarar in bi su, in zama makiyayi.

Hanyar da na bi ba a taɓa ganin mota a kanta ba. Siririya ce, ƙafafun mutane da na jakuna suka daddale ta har ta yi sumul, tana tafe tana lanƙwasa tare da gulbi. Ta ratsa gonakin shinkafa da aka fara yanka, ta shiga inuwar kanya da ɗorawa, ta fito fili inda balbelu suka yi fari a bakin ruwa. Babu abin da nake ji sai kukan sarƙar keken da numfashina. Mata masu ɗauke da ƙwarya suna ratsewa cikin ciyawa su ba ni hanya, wata ta ce, "Wanga ba keken wanzami ba ne?" Na ƙara taka feda. Wurin da rairayi ya yi yawa in sauka in tura, wurin gangara in ɗaga ƙafa in bar iska ta cika mini riga. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba, don kowane kwana na sha sai in ga kamar Baba na tsaye a gaba.

Wajen azahar ƙaya ta huda tayar baya. Na ci gaba da turawa, ga yunwa, ga ƙishirwa, cinyata ta goge da ƙarfe har ta yi ja. A haka na cim musu a mashigin ruwa, shanu suna hutawa kafin a tsallaka. Buba ya yi tsalle da ya gan ni. Mahaifinsa, Baffa Jaɓɓi, dogon mutum marar yawan magana, ya dubi keken ya dube ni.

"Babanka ya san ka taho?"

Na sunkuyar da kai. Na ce ni dai ina son in bi su, zan iya kiwo, ba na cin abinci da yawa.

Bai yi dariya ba. Ya sa aka dama mini fura da nono, na sha har cikina ya ɗaure. Sannan ya ce da mutanensa yau ba za a tsallaka ba. Matasan suka yi gunaguni, don ciyawar wurin ba ta da yawa, amma ya ce, "Shekara nawa muna sauka gonar mutumin nan. Ba ni ƙetare ruwa da ɗansa, ba ni kuma barin shi nan shi kaɗai."

La'asar sakaliya Baba ya iso, a ƙasa, zabira a kafaɗa, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Sawun taya ya biyo tun daga gida. Na tashi na tsaya ina jiran mari. Ya gaisa da Baffa Jaɓɓi, suka daɗe suna gaisawa kamar ba abin da ya faru, ya sha ruwa, ya yi salla. Sannan ya kifa keken, ya ciro kayan faci daga ƙaramar jakar da ke bayan sirdi, ya ce, "Mamman, riƙe man nan." Na riƙe. Da ya gama ya buga iska, ya hau, ya ce, "Hau baya." Na yi sallama da Buba. Amma maimakon ya juya gida, sai ya miƙe gaba.

"Baba, ba gida za mu ba?"

"Ba hanya kaka son gani ba? To mu tai ka gan ta."

Ya ba wani mai jaki saƙo ya kai wa Inna, muka yi kwana uku muna bin gulbi har Kebbe. Kowane ƙauye muka shiga an san shi. A shimfiɗa mana tabarma, a kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, tsofaffi su jeru a gindin bishiya yana yi musu aski. Inda hanya ta yi kyau babu rairayi, sai ya sauka ya ce in tuƙa, yana biye da ni da sauri yana cewa in daina kallon taya, in dubi gabana. A hanyar dawowa muka tsaya ƙarƙashin wata giginya, ya nuna mini tsallaken ruwa, ya ce yana kamar shekaruna ya taɓa ɓuya cikin jirgin masu kai gishiri, sai da kakana ya yi kwana huɗu yana nemansa. "Ni ban samu wanda zai aike ni nesa ba," in ji shi. "Kai ga shi an ce ka tai, kana gudu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan game da makaranta. Bayan hutu na ɗauki akwatina na tafi.

Sai da na girma Inna ta gaya mini cewa a safiyar da na gudu, suna Baba yake shirin zuwa, a wani babban gida da tun zamanin kakana muke yi musu aski. Da ya bi sawuna sai suka kira wani wanzamin, kuma ba su sake nemansa ba har ya rasu. Bai taɓa ambata mini ba, ko da wasa.

Yanzu babura ne ke bin bakin gulbin, sun farfasa hanyar, mai tafiya ba ya jin gaisuwar wanda ke gona. Wasu wuraren ma ba a bi sai an tambaya ko lafiya. Jikokina in za su Tambuwal cikin mota ake kai su, gilashi a rufe, ba wanda zai yarda yaro ya yi nisa shi kaɗai, ni ma ba zan yarda ba. Aiki ya kai ni garuruwa da yawa, har yau kuma ban iya zama wuri ɗaya ba. Buba ban sake ganinsa ba, don ba su dawo gonarmu a kakar da ta biyo ba. Da ma na san abin da tafiyar nan ta ci wa Baba tun yana da rai, in ce masa na gode.