Mama Aduke, Mai Sauraron Ɓeraye

Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarfe bakwai na safe, Mama Aduke Oyelaran take sauka ɗakin ƙasa na wani sashen bincike a Ibadan, inda babu taga ko ɗaya. Ba ta fara kunna fitila. Tsayawa take a bakin ƙofa ta kasa kunne. Keji ɗari biyu ne, yawancinsu na ɓeraye masu ciwon lalacewar tsoka, wanda ke wargaza mahaɗar jijiya da nama har saƙon motsi ya riƙa isa a raunane. Lafiyayyen ɓera kan yi lilo a wayar murfin keji, ana jin ƙararta. Mai ciwo kuwa, sai dai ka ji ya faɗo.

Ɗaliban sashen tsoronta suke ji, ni ma da nake aiki a wurin haka. Sai ta nuna keji ta ce, "Wannan ba zai ga Juma'a ba," ta jiƙa masa abinci ta ajiye masa a ƙasa. Kuma ba ya ganin Juma'ar.

Bara Dokita Fadeyi, mai binciken maganin ciwon, ya sauko cike da murna. Ɓerayen da ya ba sabon magani sun daɗe rataye a wayar keji, mahaɗar jijiyarsu kuma cif a madubin bincike. Aikin shekara huɗu ya yi kyau, saura ya aika sakamako.

"Dokita, kada ka aika," in ji ta.

"Haba Mama! Yau kuma bokanci muka koma?"

"Waɗannan ba su taɓa ciwo ba. Katin shaidar keji ne ya musanyu ranar wankin keji, kuma da hannuna. Na san tafiyar mai ciwon nan, ɗana. Shekara goma sha tara ina kallonta a tsakar gidana."

Gwaji ya tabbatar da maganarta. A ranar muka san ɗanta Bankole da wannan ciwo ya rasu, kuma bayan ta binne shi ta nemi aikin.

Mama, ke ce kika fi kowa son maganin ya ci, ke ce kuma kika tona kuskurenki kika rushe shi. Uwar marasa baki, mun gode. Juma'ar nan za ki ajiye makulli. Wanda zai gaje ki ya yi koyi da ke, ya saurara tukuna kafin ya kai hannu ga fitila.