Tabaryar Uwar Mijina

Jiya na ji ƙarar daka a maƙwabta, sai uwar mijina ta faɗo min a rai. A Tsaskiya ta rasu, shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noma.

Ina da cikin fari ƙugu ya kama ni, ƙashin marata kamar ana tsaga shi. Malamar asibiti a Safana ta ce in riƙa 'yar tafiya da gajeren taku, in haɗe gwiwoyi in zan juya a shimfiɗa, in bar aikin ƙarfi.

Da na gaya wa tsohuwar, sai ta tofar da jan yawun goro.

"Daka ke buɗe wa ɗa hanya. Tashi, raguwa."

"Inna, ƙafata ba ta ɗaguwa."

"Da ƙafa ake daka?"

Ta miƙo min tabarya. Na sussuke geron nan, ƙaiƙayi na cin wuyana. Ɗa ya zo lafiya, ta ce aikinta ne. Ni kuwa har yau ba na tsallake kwata sai na dafa bango.

Allah ya jiƙanta. Yafiya kuma, Allah ya sa min ita a zuciya, don har yanzu babu.