Hannun Inna Kulu da Wankin Mabiyiya

Cikin ranakun aikina akwai wadda har gobe ba ta bar raina ba, wata safiya ce ta lokacin cirar albasa. Ina shugabar ɗakin haihuwa a wani ƙaramin asibiti kusa da Mandera, a ƙasar Shagari. In na rufe ido ina jin warin albasa yana shigowa ta taga, ina ganin jakuna suna wucewa da buhuna a hankali kamar masu tafiya cikin barci.

A shekarar mun yi tsarin kare ma'aikata daga cututtukan da ake ɗauka ta jini, irin su ciwon hanta da ƙanjamau. Mun bi asibitin ɗaki-ɗaki muna tambaya, a ina jini yake taɓa mutum? Muka tanadi safar hannu, da kwalin jefa allura, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta. Aka fara yi wa kowa rigakafin ciwon hanta, aka kuma ajiye magana cewa duk wanda jini ya taɓa masa rauni, ya wanke da sabulu, a kai shi babban asibiti a ranar. Na yi ta fankama da tsarin nan, ina ganin ko sauro ba zai ratsa shi ba.

Akwai ungozomarmu, Inna Kulu, tsohuwa mai tsiwa, wadda rabin garin a hannunta suka faɗo duniya. A al'adar wurin, ba a miƙa wa dangi mabiyiya sai an wanke ta tas, sannan su kai gida su binne. Inna ce take wankewa a bayan ɗaki, gindin wata bishiyar bedi, wato darbejiya, cikin kasko. Da yake ba a cikin ginin ake yi ba, ba wanda ya lissafa shi cikin aikin asibiti.

Ranar aka kawo wata Hassana, ba ta taɓa zuwa awo ba, ta haihu lafiya. Da muka gwada jininta sai ga ciwon hanta. Na sa a yi wa jaririn rigakafi, na zagaya baya neman Inna. Na tarar da ita a tsugune, hasken rana yana sauka ta cikin ganye a kan ruwan kaskon, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, hannunta tsirara cikin jini. Tafin hannun nan duk tsaga ne, ga yankan wuƙa na gyaran albasa.

"Inna, ina safarki?" na ce da ita.

"Can ciki na sa ta, ɗiyata. Amma nan? Abin ga da yat taho tare da yaro shi za ni kamawa da roba, awa kashin jaki? Dangi su gani su ce ƙyamar su ni kai?"

Allurar rigakafi ɗaya kawai aka yi mata, ba ta kammala ba. Na wanke mata hannu da kaina, muka hau mota zuwa babban asibiti ta hanyar Bodinga. Gonaki suna wucewa, ita tana gyangyaɗi, ni ina riƙe da hannun nan ina jin tsoro ƙwarai. Likita ya yi mata allurar gaggawa, ya ce sai bayan watanni za a san ko ta kamu.

Watannin nan sun yi mini tsawo. Sau da yawa nakan yi mafarkin kaskon yana yawo a kan ruwan fadama, ba kowa kusa da shi. Inna kuwa ta kafe, ta ce in dai da roba ne, gara ta bar wankin, matan gari kuma suka ce in ba ita ba, gida za su riƙa haihuwa.

Hassana ce ta raba gardamar. Da ta yi arba'in ta zo da jaririnta, ta iske ana shirin wanke wata mabiyiyar, Inna ta ƙi karɓar safa daga hannuna. Ta ɗauki safa, ta durƙusa gaban tsohuwar tana hawaye.

"Inna, in kin kamu ta dalilina, mi za ni hwaɗa ma ɗan ga in ya girma? Miƙo hannunki, ni ka sa miki."

Inna ta miƙa hannu biyu kamar amaryar da za a yi wa ƙunshi, tana cewa, "To, ja a hankali, kar ki karye min yatsa."

Daga ranar muka shigar da shi cikin tsari: dangin mai jego ne suke sa wa ungozoma safa da hannunsu kafin wanki. Da sakamako ya fito Inna ba ta kamu ba, na shiga ɗakin magani na sha kukana.

Ku masu tasowa, in za ku yi tsarin kariya, ku bi ma'aikaci har inda aikinsa yake ƙarewa, ku kuma tambaye shi abin da yake jin kunyar a gan shi yana yi. Inna ba ta taɓa tsoron jini ba, tsoronta a ce ta ƙyamaci mutanenta. Da su suka sa mata safar, ba ta sake cire ta ba har ta bar aiki.