Mangwaron da ke faɗowa gidanmu

A Gwandu katanga ɗaya ce ta raba mu da wata malamar firamare, Kirista, 'yar kudancin Kebbi. Mangwaronta ya miƙo reshe tsakar gidanmu, idan bazara ta yi sai nunannu su riƙa faɗowa kusa da randar inna. Ina ƙarama a lokacin, kuma ban taɓa shakkar Allah na son in sha ba, tunda ni ina so.

Ranar da inna ta gan ni da guda a baki, sai ta fizge. "Na mutane ne. Allah na kallonki, kuma ba ya son ɓarawo."

Da yamma baba ya dawo daga gona, ya tsinci wani a ƙasa, ya goge da bakin riga ya sha. Na gaya masa abin da inna ta ce.

"Abin da ya faɗo gidanka rabonka ne," in ji shi. "Wa kike zaton ya turo iskar?"

Dukansu biyu suna salla, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba. Da kakata, mahaifiyar baba, ta zo daga Kalgo, na tambaye ta wa Allah ya gaya wa gaskiya a cikinsu. Ta daɗe tana taunar goro.

"Mi ya kai ki tsakaninsu? Tafi ki tambayi mai iccen."

Na tarar da malama tana wanki. "Malama, Allah zai yi fushi in na sha mangwaronki?"

"Ni dai ba zan yi ba."

"Shi fa?"

Ta yarfe kumfar hannunta. "Ban sani ba, 'yata. Ina jin in mai abu ya yafe, Shi ma zai yafe."

Na so in tambaye ta ko a cocinsu aka faɗa haka, ko ita ce ta ga dama, amma kunya ta hana ni. Ta cika mini gefen zane da mangwaro.

Inna na ganina ta ce, "Roƙo kika je yi? Allah ba ya son mai roƙo."

"Kaka ce ta aike ni."

Inna ta dubi surukarta, ta juye mangwaron a kwano. Bayan la'asar kowa ya sha, har da ita. Na tsura mata ido ko zan ga tsoro a fuskarta. Ta ce in daina kallonta, in je in wanke hannu.